E.T.: Dalilin da Ya Sa Baƙon da Ya Koma Gida a 1982 Bai Bar Zukatan Masu Kallo Ba

Yawancin fina-finan da ake shirya wa yara da iyalai gajeren kwana gare su, domin sukan ci kasuwarsu a hutun makaranta guda, a sayar da kayan wasan da aka ƙera da siffar taurarinsu, sannan a manta da su da zarar sabo ya fito, kuma idan wanda ya kalle su yana ƙarami ya sake cin karo da su bayan ya mallaki hankalin kansa, sau da yawa yakan rasa abin da ya burge shi a cikinsu tun farko. Fim ɗin E.T. the Extra-Terrestrial, wanda Steven Spielberg ya ba da umarninsa kuma kamfanin Universal ya fitar a Amurka ranar 11 ga Yuni 1982, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake wannan makoma, har aka mayar da shi gidajen sinima a 1985 da 2002 da 2022, kuma waɗanda suka fara ganinsa suna 'yan shekara takwas ko goma su ne a yau suke zaunar da 'ya'yansu, wasu ma jikokinsu, a gaban talabijin domin su ga abin da ya sa su kuka a ƙuruciya.

Ana lissafa shi a cikin almarar kimiyya, wato rukunin ƙagaggun labaran da ake ginawa a kan abin da ilimin kimiyya da fasaha za su iya haifarwa ko ganowa, kamar tafiya zuwa wasu duniyoyi, ko injunan da ke tunani, ko halittun da ke zaune a wajen wannan duniya tamu. Sai dai wanda ya nemi kimiyya a cikin E.T. ba zai samu da yawa ba, tun da ba a faɗi sunan duniyar da baƙon ya fito ba, ba a bayyana yadda kumbonsa yake tafiya ba, kuma kusan dukkan abin da ya faru ya faru ne a cikin gida ɗaya da titunan unguwa ɗaya da wani daji da ke bayanta a jihar Kalifoniya. Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Wasu halittu masu binciken tsirrai sun sauka a dajin da dare, jami'an gwamnati suka ritsa da su, kumbon ya tashi cikin gaggawa ya bar ɗayansu a baya, shi kuma ya laɓe a ɗan ɗakin ajiyar kaya na wani gida inda wani yaro ɗan shekara 10 mai suna Elliott ya gano shi, ya yaudare shi da alewa har cikin ɗakinsa, ya ɓoye shi a wurin ajiyar tufafi da taimakon yayansa Michael da ƙanwarsa Gertie. Baƙon yana warkar da rauni da yatsansa mai haske, yana farfaɗo da furen da ya yi yaushi, kuma wata alaƙa ta ƙullu tsakaninsa da yaron ta yadda duk abin da ɗayan ya ji a jikinsa ɗayan ma zai ji, amma zaman duniyarmu bai karɓe shi ba, ya fara rashin lafiya, kuma babu abin da yake so illa ya aika wa danginsa saƙo su zo su ɗauke shi.

Asalin labarin yana cikin gidan da Spielberg ya tashi. Ya sha faɗa a hirarraki cewa abin da ya haifi fim ɗin shi ne mutuwar auren iyayensa a tsakiyar shekarun 1960 da kaɗaicin da ya ji a lokacin da zaman gidan yake lalacewa, lamarin da ya dawo ya ba da labarinsa kai tsaye bayan shekara 40 a fim ɗin The Fabelmans na 2022. A 1980, yana ɗaukar Raiders of the Lost Ark a Tunisiya, ya ba marubuciya Melissa Mathison labarin a baki, kasancewar ta riga ta nuna ƙwarewa wajen rubuta alaƙar yaro da halittar da ba ta magana a fim ɗin The Black Stallion na 1979, inda abokin yaron doki ne. Ta rubuta daftarin farko cikin mako takwas. Kamfanin Columbia, wanda aka fara kai wa aikin, ya ga kamar ƙananan yara ne kawai za su kalle shi, ya bar shi ya tafi Universal, inda aka shirya shi da kuɗin da bai wuce dala miliyan 10 da rabi ba, abin da ko a wancan zamanin ba a kiransa babban jari.

Wannan asali shi ya sa ciwon da ke tsakiyar fim ɗin ya riga zuwan baƙon. A wani zama na cin abincin dare, tun kafin kowa ya yarda da abin da Elliott ya ce ya gani, yaron ya fusata ya ce da babansa yana nan da ya gaskata shi, uwar, Mary, ta ce to ya buga masa waya mana, shi kuma ya ce ba zai yiwu ba domin baban yana Meksiko tare da wata mace, kuma a nan ne uwar ta fara jin labarin. Ta miƙe daga teburin tana ƙoƙarin haɗiye hawaye, babban wan ya hau ƙaninsa da faɗa kan rashin tunanin halin da wasu suke ciki, ƙaramar kuma tana raba ido ba ta gane abin da ya faru ba. Daga baya, a garejin mota, yaran biyu maza sun tsinci tsohuwar rigar mahaifinsu, suka riƙa shinshinarta suna gardamar wane turare ne yake shafawa. Ba a nuna mahaifin ko sau ɗaya, ba a bayyana wanda ke da laifi, kuma fim ɗin bai yi alkawarin zai dawo ba. Idan aka tuna cewa yawan mutuwar aure a Amurka ya kai ƙololuwarsa ne a wajejen 1980, za a gane cewa miliyoyin yaran da suka cika gidajen sinima a wannan bazara sun san irin wannan teburin da kujerarsa guda da babu kowa a kai, kuma ba su saba ganin fim ɗin yara ya nuna musu shi ba tare da ya yi musu wa'azi ba.

Hanyar da aka bi wajen ɗaukar hoton ita ce ta biyu a muhimmanci, kuma ita ce ba kasafai mai kallo yake lura da ita ba ko da tana aiki a kansa. Spielberg da mai ɗaukar hoto Allen Daviau sun ajiye kyamara a daidai tsayin yaro a mafi yawan lokaci, kuma ban da uwar, ba a nuna fuskar wani babba sosai ba har sai labarin ya yi nisa. Malamin makaranta murya ce da hannuwa kawai, masu farautar baƙon kuwa ƙafafu ne da hasken tocila, shugabansu kuma ana gane shi ne da tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa suna ƙara, har ya zamana sunan da aka ba shi a jerin 'yan wasa ma daga makullan aka ciro shi. Haka yaro ƙarami yake ganin manya, daga ƙugu zuwa ƙasa, masu iko da ƙofofi, masu yanke hukuncin da ba a tambaye shi ba. Tasirin wannan dabara ya yi ƙarfin da hukumar tace fina-finai ta ƙasar Suwidin ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 11 kallonsa a sinima, bisa ganin cewa yana da ban tsoro kuma yana nuna manya a matsayin abokan gabar yara. Hukuncin ya yi tsauri, amma waɗanda suka yanke shi sun fahimci abin da fim ɗin yake yi, domin babban da ya zauna kallonsa kyamarar takan durƙusar da shi ta mayar da shi tsayin da yake da shi yana ɗan shekara goma, ko ya so ko bai so ba.

Al'adar masu shirya fim ita ce a ɗauki fitowa-fitowa ba bisa jerin labari ba, a gama duk abin da za a yi a wuri ɗaya kafin a matsa, domin rage kashe kuɗi. A nan an saɓa wa al'adar, aka ɗauki fim ɗin kusan bisa yadda labarin yake tafiya, tun daga watan Satumba na 1981, domin yaran su saba da baƙon sannu a hankali kamar yadda mutanen cikin labarin suke sabawa da shi. Henry Thomas, wanda ya fito a matsayin Elliott, ya samu aikin ne bayan ya zubar da hawaye na gaske a gwajin da aka yi masa, inda ya tuno ranar da karensa ya mutu, Drew Barrymore kuwa, wadda ta fito a matsayin Gertie, shekararta shida, kuma ta ɗauki baƙon a matsayin mai rai har takan je ta zauna kusa da shi tana yi masa hira a lokacin hutu. Saboda haka da aka zo ɗaukar bankwana a ƙarshen aikin, rabuwar da yaran suke yi da shi ta gaske ce. Hatta likitocin da suka yi ta kokawar ceto ransa a cikin gidan bayan jami'an gwamnati sun lulluɓe shi da leda, likitoci ne na gaske aka ɗauko, aka bar su su yi magana da saurin da suke yi a ɗakin taimakon gaggawa, abin da ya sa wannan ɓangaren yake firgita yara har yau.

Shi kansa baƙon da hannu aka ƙera shi, domin a 1981 ba a kai ga zana halitta mai motsi da kwamfuta yadda ake yi yanzu ba. Wani ɗan ƙasar Italiya, Carlo Rambaldi, shi ya gina mutum-mutumin da ke motsa fuska da wuya ta hanyar wayoyi da ƙananan injuna, a kan kuɗi kusan dala miliyan 1 da rabi, kuma an ɗauko kamannin idanunsa da tsufan fuskarsa daga hotunan dattawa irin su Albert Einstein da Ernest Hemingway da Carl Sandburg. A wuraren da ake buƙatar ya yi tafiya, mutane masu gajeren jiki ne suke shiga cikin rigarsa, har da wani yaro ɗan shekara 12 da aka haifa ba ƙafafu, wanda yake tafiya da hannuwansa. Muryarsa mai kaushi kuwa mafi yawanta ta wata dattijuwa ce, Pat Welsh, wadda yawan shan taba ya dusashe wa murya. Abin da ya fito daga wannan haɗin gwiwa ba kyakkyawa ba ne, gajere ne mai tumbi da dogon wuya da fata mai tamoji, kuma wannan muni yana cikin hikimar aikin, domin mai kallo yakan fara da ƙyama ko tsoro kamar yadda Gertie ta ƙwalla ihu da ta fara ganinsa, sannan sabo ya yi aikinsa a cikin ƙasa da awa biyu. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma da wuya a sami fim ɗin da ya dogara da gaskiyar wannan magana kamar E.T.

Irin wannan kusanci da abubuwan da hannu ke taɓawa yana bayyana a na'urar da baƙon ya harhaɗa domin kiran danginsa, wadda babu wani abu a cikinta da ya fito daga wata duniya. Lema ce da aka lulluɓe da takardar alminiyam, da faifan zarto, da gwangwanin kofi, da na'urar juya faifan garmaho, da wani abin wasan yara mai koyar da haɗa baƙaƙe da ake kira Speak & Spell, wanda yake cikin gidaje da yawa na Amurka a lokacin. Duk yaron da ya taɓa tara gwangwanaye da waya ya ƙera mota ya san wannan tunani, cewa tarkacen da manya suka yar yana iya zama abin al'ajabi idan an san yadda za a haɗa shi. Haka ma kekunan, waɗanda su ne abin hawan kowane yaro a unguwar, su aka sa suka tashi sama, kuma hoton Elliott a kan kekensa yana gilmawa ta gaban cikakken wata da baƙon a cikin kwando shi ne ya zama tambarin kamfanin Spielberg mai suna Amblin.

Kiɗan John Williams yana da nasa kaso mai girma, kuma labarin yadda aka naɗi ƙarshensa ya nuna matsayin da aka ba shi. A bisa ƙa'ida, mai kiɗa ne yake bin hoton da aka riga aka tace, yana daidaita kowane bugu da daƙiƙar da ta dace. Da aka zo kusan minti 15 na ƙarshe, daga tseren kekuna zuwa tashin kumbo, Williams ya yi ta gwadawa amma bin agogo yana kashe masa ran kiɗan, sai Spielberg ya sa aka kashe majigi, ya ce ya jagoranci makaɗan yadda zuciyarsa ta ba shi, sannan ya koma ya sake tace hoton ya bi kiɗan. Wannan ne ya sa mutane da yawa da suka manta da tsarin labarin sukan ji ƙwalla ta taru musu da zarar sun ji sautin, tun kafin su tuna daga ina suka san shi.

Nasarar da ya samu a kasuwa sananniya ce, ba ta buƙatar dogon bayani. An nuna shi a rufe bikin fina-finai na Cannes a Faransa a watan Mayu na 1982, ya zarce Star Wars na 1977 ya zama fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi a tarihi, ya riƙe wannan kambu shekara 11 har sai da Jurassic Park na Spielberg ɗin dai ya karɓe shi a 1993, ya shiga takarar lambar Oscar a fannoni 9 ya ci 4, ko da yake lambar gwarzon fim ta tafi ga Gandhi na Richard Attenborough, kuma a 1994 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ƙasar take adanawa saboda darajarsu. Abin da ya fi dacewa da batun begen da masu kallo suke yi masa shi ne yanayin da aka kalle shi. Tun daga shekarun 1950, lokacin da tsoron yaƙin cacar baka ya cika zukata, fina-finan Amurka sun saba nuna baƙin sararin sama a matsayin mahara, kamar a The War of the Worlds na 1953, kuma mako biyu kacal bayan fitowar E.T. aka saki The Thing na John Carpenter, wanda baƙonsa dodo ne mai cin mutane, bai kuwa yi kasuwa ba a lokacin. Baƙon Spielberg shi ne mai rauni, shi ake farauta, shi ke buƙatar mafaka. Bugu da ƙari, ba a fitar da fim ɗin a kaset na bidiyo ba sai a watan Oktoba na 1988, wato yaron da ya gan shi a 1982 ya shafe shekaru yana riƙe da shi a ƙwaƙwalwa kawai, yana ba abokansa labari, yana ƙawata shi a ransa, irin jiran da yaran zamanin intanet ba su san shi ba.

A nan ya kamata a tsaya a kan shi begen kansa, wato wannan yanayi na kewar abin da ya wuce wanda daɗi da ɗaci suke cakuɗe a cikinsa. A 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya bayyana shi a matsayin cuta, bayan ya yi nazarin halin mutanen Suwizalan, musamman sojojin da ke aiki a ƙasashen waje, waɗanda kewar gida take sa su rama, su daina cin abinci, wasu har su kwanta. An daɗe ana kallonsa a haka kafin masana halayyar ɗan Adam na wannan ƙarni, musamman Constantine Sedikides da Tim Wildschut na jami'ar Southampton a Ingila, su nuna ta hanyar gwaje-gwaje cewa kaɗaici da ɓacin rai ne suka fi tayar da shi, cewa abin da ake tunowa galibi mutane ne na kusa da lokutan da aka yi tare da su, kuma cewa tunowar takan rage wa mutum jin cewa shi kaɗai ne. Abin lura game da E.T. shi ne ya haɗa tsohuwar fahimtar da sabuwar a wuri guda. Baƙon yana fama da ainihin cutar da Hofer ya bayyana, yana yin fari fat yana ƙanjamewa saboda nisa da gida, Elliott kuwa yana zaune a gidansu amma yana kewar gidan kamar yadda yake kafin uban ya tafi. Mai kallon da ya dawo wa fim ɗin bayan shekara 30 yana kewar ƙuruciyarsa ya tarar da labarin da tun asali a kan kewa aka gina shi, don haka abin da ya zo da shi a ransa da abin da ke kan allo sukan zama abu ɗaya. Fina-finan yara da yawa ana begensu ne saboda sun faɗo a lokacin da mutum yake ƙarami, wannan kuwa yana da abin da zai ce wa mai begen.

Akwai kuma wani abu da shekaru suke yi wa mai kallo wanda fim ɗin ya tanadar masa wuri tun farko. Yaro yana kallo ne ta idon Elliott, yana ganin uwar a matsayin shingen da za a kewaye, yana dariya lokacin da take zirga-zirga a ɗakin girki tana jera kayan cefane a firiji ba ta lura da baƙon da ke gilmawa kusa da ita ba. Wanda ya girma ya haifi nasa yakan ga wata mace daban, wadda miji ya bari da yara uku da aiki, wadda gajiya da damuwa suka hana ta ganin abin da ke gabanta, kuma wadda ta kwana tana jiran ɗanta da bai dawo ba a daren bikin Halowin, wato daren ƙarshen Oktoba da yaran Amurka suke sa kayan ban tsoro su bi gida-gida neman alewa. Shi ma mai makullan, da aka nuna fuskarsa a ƙarshe, sai ya zamana ba mugu ba ne, ya durƙusa ya gaya wa Elliott cewa shi ma tun yana ɗan shekara goma yake fatan wannan rana. Wannan mutumin shi ne wakilin babban da ke cikin ɗakin kallo, kuma ba kowane yaro ne yake gane haka ba sai ya kai shekarunsa.

Adalci ya wajabta a ce bege yana da zaɓe, kuma ƙuruciyar da E.T. ya adana ta wani rukuni ce, ta farar fata masu matsakaicin hali a sababbin unguwannin bayan gari, ba ta kowane yaron Amurka ba. Duk da haka hoton yara a kan kekuna suna yawo har dare ba waya a aljihu ba mai sa musu ido ya zama alamar wani 'yanci da iyayen Amurka da yawa suke ganin 'ya'yansu sun rasa, kuma a kan wannan hoto aka gina Super 8 na J.J. Abrams a 2011 da shirin Stranger Things da Netflix ta fara nunawa a 2016, wanda matasan da ba a haife su ba a shekarun 1980 suka rungume shi suna begen zamanin da ba su rayu a cikinsa ba. Kasuwa ma ta daɗe da gane darajar abin. Alewar Reese's Pieces ta kamfanin Hershey ta samu gagarumin ciniki bayan kamfanin Mars ya ƙi yarda a yi amfani da M&M's, kamfanin Atari kuwa ya yi gaggawar fitar da wasan bidiyo na E.T. da aka rubuta cikin mako biyar, ya kwanta masa a hannu, aka binne tarin kaya a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico a 1983, sannan a 2014 aka tono su ana ɗaukar hoto, mutane suna saye da tsada abin da aka zubar saboda ba mai so.

Abin da ya faru a 2002 shi ya fi nuna ko fim ɗin na wane ne a yanzu. Domin bikin cika shekara 20, Spielberg ya sake fitar da shi da gyare-gyare, ya sa aka yi amfani da kwamfuta aka ƙara wa fuskar baƙon motsi, aka dawo da wasu fitowa da aka cire, kuma aka goge bindigogin da ke hannun jami'an da suka tare wa yaran hanya aka maye gurbinsu da rediyon oba-oba. Niyyarsa ta kirki ce, domin bai ji daɗin ganin an tunkari yara da makami ba. Amma waɗanda suka tashi da fim ɗin sun ƙi amincewa, kuma suna da gaskiya, saboda tashin kekunan sama yana samun ƙarfinsa ne daga girman haɗarin da ke ƙasa, idan aka rage haɗarin an rage kuɓutar. Ƙari a kan haka, wanda ya zo neman abin da ya gani yana yaro ba ya neman wanda aka yi wa kwaskwarima, kamar yadda mai komawa gidan kakanninsa ba ya murna idan ya tarar an rushe zauren da ya sani an gina wanda ya fi shi kyau. Spielberg ya amince da haka a bainar jama'a a 2011, fitowar 2012 ta dawo da fim ɗin yadda yake a 1982, kuma a 2023 ya sake cewa kuskure ne a gyara tsohon aiki domin ya dace da ra'ayin wani zamani.

Labarin ya yi tafiya har Indiya, kuma ta fuska biyu. Fitaccen darakta Satyajit Ray ya rubuta wani labari mai suna The Alien a 1967, game da baƙon halitta da ya sauka a wani ƙauyen Bengal ya yi abota da yaro, an tattauna shirya shi da kamfanin Columbia amma bai tabbata ba, kuma da E.T. ya fito Ray ya ce da rubutunsa bai yi yawo a Amurka ba da ba a samu wannan ba, zargin da Spielberg ya musanta. Ta ɗaya fuskar, masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa za su gane ƙashin bayan labarin a Koi... Mil Gaya na 2003, wanda Rakesh Roshan ya ba da umarni, inda Hrithik Roshan ya fito a matsayin Rohit, saurayi mai tunanin yara wanda ya tashi ba uba, ya ɓoye wani shuɗin baƙo mai suna Jadoo daga hukuma har danginsa suka dawo suka ɗauke shi. Bambancin da ke tsakaninsu yana da ma'ana, domin a can baiwar da baƙon ya bari ta zama gado, aka ci gaba da labarin a Krrish na 2006 da Krrish 3 na 2013 har ya rikiɗe ya zama na jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane.

E.T. bai samu ci gaba ba, duk da cewa babu wani kamfani da zai ƙi zuba kuɗi a kansa. A 1982 ɗin Spielberg da Mathison sun zayyana tsarin kashi na biyu, wanda a cikinsa wasu mugayen baƙi suke kama yaran, sannan suka ajiye shi, Spielberg yana mai ganin cewa ba abin da zai yi illa ya rage wa na farkon daraja. Wannan shawara ta kare ƙarshen labarin, inda baƙon ya nemi yaron ya bi shi, yaron ya nemi baƙon ya zauna, kowannensu ya san ba zai yiwu ba, aka rabu ba tare da alkawarin sake haɗuwa ba. Mathison ta rasu a 2015, Rambaldi ya riga ta a 2012, Daviau ya bi su a 2020. Sau ɗaya kawai aka dawo da Elliott da baƙon tare a gaban kyamara, a wata tallar kamfanin sadarwa na Comcast mai tsawon kusan minti huɗu da aka nuna a ƙarshen 2019, inda Henry Thomas ya fito a matsayin Elliott magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, baƙon ya kawo musu ziyara, yaran suka hau kekuna suka tashi sama da shi, kuma ko a tallar ma ba a bar shi ya zauna ba, kumbo ya zo ya ɗauke shi.